Yadda Na Tona Asirin Gidan Garkuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar ta ƙarshen damina, shekaru uku ke nan, ranar da na yi wanka na sa babbar riga domin in kunyata wani bawan Allah a soron gidanmu, aka tashi taro ni ake tausaya wa. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Bari in fara gaya maka ko ni wane ne a lokacin. Ina da ɗan shagon taki da maganin feshi a Ɗanbatta, in hau babur da safe daga ƙauyenmu, in dawo da yamma. Amma ba shagon nake taƙama da shi ba. Abin taƙamata shi ne ni ne sakataren kwamitin tsaro na ƙauyenmu. An kafa kwamitin ne da labarin masu garkuwa da mutane ya yi yawa a rediyo, aka ce kowane gari ya sa ido a kan baƙi da masu kai musu rahoto. Ni aka bai wa biro saboda ni ne mai difloma. Tun da aka kafa mu, abin da muka taɓa kamawa bai wuce wani mai satar akuya ba (shi ma akuyar ce ta tona shi da kuka, ba mu ba), amma hakan bai hana ni jin cewa Allah ya yi mini wata baiwa ta gane mugu tun daga tafiyarsa ba.

Ina da ƙanwa, Sa'adatu, uwa ɗaya uba ɗaya, malamar aji huɗu ce a firamaren garinmu. A wajen wata bita ta malamai a Kano ta haɗu da wani saurayi mai suna Bukar. Yana koyar da zane a wata makaranta a Rijiyar Zaki, gidansu kuma a Bacirawa. Asalinsu mutanen Barno ne, kakansa ne ya zo Kano fatauci ya zauna. Da maganarsu ta yi ƙarfi, sai Baba ya kira ni ya ce tunda ni ne babban wanta, in je in binciko masa yaron da gidansu, kamar yadda ake yi. Da Baba ya san abin da ya kunno, da ya aiki wani.

Sau uku na je Bacirawa. Na tambayi limamin masallacinsu, na tambayi mai shagon bakin layi, na tambayi wani tsoho mai gyaran keke. Kowa bakinsa ɗaya: yaro ne mai kunya, mai sallah, ba ya shaye-shaye, shi ke kai mahaifiyarsa asibiti. Wani zai dawo gida da murna. Ni kuwa a nan zuciyata ta fara raya mini wani abu. Ɗan Adam guda a ce an rasa masa aibi ko ɗaya? Ai sai dai in an shirya bakin mutanen. Mai shagon ne kawai ya ce in ba ya makaranta, yana ɗaki a kulle shi kaɗai yana 'yan rubuce-rubucensa. Na rubuta wannan na ja masa layi biyu a ƙasa.

Sai kuma zuwansa zance. Yakan zo ranar Lahadi da hantsi, ya bi motocin kasuwar Ɗanbatta. Saurayin kirki in ya zo zance zama yake a soro ya sunkuyar da kai. Shi wannan sai ya yi ta zagaye yana ɗaukar hoto da waya. Ya ɗauki rumbunanmu, ya ɗauki rijiyar bakin masallaci, ya ɗauki katangar bayan gidanmu ta wajen da ruwa ya ci. Wata rana ina jin sa yana tambayar Baba ko wannan 'yar hanyar da ta ratsa gonar gero tana ɓullewa titi. Baba kuma, Allah ya ba shi lafiya, har da miƙewa ya nuna masa da sanda. Lokacin gero ya fi mutum tsayi, ko raƙumi ya shiga ba ka ganin sa. Na koma gefe ina kallon su, ina cewa a raina wannan tsohon bai san zamani ya canza ba.

Kuma, tunda na ce zan faɗi gaskiya, har da asalinsa a cikin lissafina. Ban taɓa furtawa ba, amma duk lokacin da na ga wani abu da bai kwanta mini ba, sai wata murya ta ce mini ai ka san daga inda suka fito. Wannan ita ce ɓaraka mafi muni a labarin nan, kuma ba ta ba ni dariya ko yanzu.

Wata Lahadi bayan ya tafi, na shiga soro zan naɗe tabarma, sai ga wani littafin rubutu mai shuɗin bango ya zame ta ƙarƙashinta. Mai hankali zai ɗauka ya miƙa cikin gida. Ni na waiga dama da hagu, na cusa shi a aljihu, na wuce ɗakina na tura ƙofa.

Shafin farko, da manyan baƙaƙe, an rubuta: SHIRIN GARKUWA, KASHI NA BIYU.

Sai da na zauna a bakin gado. Kashi na biyu. Wato an riga an yi na ɗaya ke nan, Allah kaɗai ya san ɗan wa aka ɗauke.

Shafi na gaba taswirar gida ce, kuma ko makaho ya shafa ya san gidanmu ne: ga soro, ga rumbuna uku, ga turken awaki, ga inda katanga ta zube an yi masa alama. Daga nan sai jerin mutanen gidan, an haɗa su da layi-layi kamar reshen bishiya, kowa da bayaninsa. Uba: ƙarfe ba ya kama shi, rauninsa ba ya ji sosai da kunnen hagu. (Baba ya yi tauri a ƙuruciyarsa, kowa ya sani, kuma kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya.) Uwa: tana jin maganar da ake yi daga nesa, ba a ƙulla komai a kusa da ita. (Duk wanda ya taɓa yin raɗa a gidanmu zai ba da shaida a kan Inna.) 'Ya: gudu gare ta, ba a kama ta a fili, sai dai a yi mata tarko. Sa'adatu kuwa ita ke cinye tseren makarantarsu tun tana ƙarama. A ƙasa an rubuta cewa Burgu da yaransa za su ɗauke 'yar a hanyar gonar gero ranar kasuwa. Burgu. Ka ji suna irin na shugabannin daji.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mutum na huɗu. An ware shi gefe, ba a haɗa shi da layin dangi ba, an rubuta masa "Ɗan rakiya". An yi dogon bayani a kansa, wanda zan kawo maka a inda ya dace, amma ƙarshensa cewa aka yi shi ne zai buɗe wa Burgu ƙofa. Wato suna da ɗan cikin gida.

Da magariba Sa'adatu ta leƙo ɗakina ta ce, "Yaya, don Allah ko ka ga wani littafi mai shuɗin bango a soro?"

Na ce ban gani ba. Na tambaye ta na wane ne, ta ce ba komai, wani aiki ne. Na ga yadda ta damu, ta ɗaga tabarma, ta leƙa bayan randa, sai tausayinta ya kama ni. Na ce a raina ka ga baiwar Allah, ya bugo mata waya ta nemo masa, ba ta san takardar sace ta take nema ba.

Washegari na kai maganar wajen Ɗanlami, shugaban 'yan sintirinmu. Ɗanlami namiji ne a fagen sanda, amma boko bai zauna masa ba, don haka ni na karanta masa, kuma na zaɓi wuraren da na karanta. Ya ce mu kai wa mai unguwa, ko mu tare yaron a tasha ranar Lahadi mu miƙa shi ga hukuma. Na ce a'a. Na ce Asabar mai zuwa manyansa za su zo gaisuwar iyaye, a nan za mu yi masa ƙofar rago, a gaban nasa da namu, yadda ba mai cewa sharri aka yi masa. Na ce kada Baba ya ji, saboda hawan jininsa. Wannan shi ne dalilin da na bayar. Dalilin gaskiya kuwa, ina son a ce a gaban dattawa na yi wannan bajinta. Har na fara jin yadda za a riƙa ba da labarina a majalisar mai shayi.

Kwana biyar na yi ina farautar ɗan rakiya. Na zargi maƙwabcinmu saboda ya sayi sabuwar waya bayan bai sayar da gyaɗa ba. Na zargi ɗan baffana saboda ya taɓa ɗauko Bukar a babur daga titi. Na zargi mai kawo mana ruwa. Har matata sai da na yi kwana biyu ina kallo da wutsiyar ido, don na ji ta ce yaron yana da fara'a. Littafin nan na karanta shi ya fi sau ashirin. Ka riƙe wannan, sau ashirin.

Ranar Asabar bayan azahar suka iso a wata tsohuwar mota. Kawun Bukar, Alhaji Modu, dattijo dogo mai farin gemu, shi ne jagora, da wasu mutum uku, da ƙwaryar goro da katan ɗin alawa. Bukar ne ya tuƙo su, kuma da yake ba a shiga irin wannan zama da mai neman auren, sai ya tsaya a gindin darbejiyar ƙofar gida. Na riga na tsara komai. Ɗanlami da mutum biyu suna zaune a kan benci kusa da motar kamar masu shan iska, ɗaya da bindigar toka a jingine. Baƙin suna shiga soro, Ɗanlami ya je ya ce wa Bukar ya ba shi makullin motar ya gani. Yaron ya miƙa masa, yana murmushi, bai san dawan garin ba.

A ciki aka gaisa, aka tambayi damina, aka tambayi hanya. Baffa Sule, ƙanin Baba, ya yi addu'a. Alhaji Modu ya gyara zama zai gabatar da abin da ya kawo su, sai na miƙe.

Na ce a gafarce ni, ni yaro ne a wannan zama, amma an ba ni amanar bincike, kuma abin da na gano ya fi ƙarfin in yi shiru. Na zaro littafin daga aljihu na ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Na ce wannan na ɗanku ne, a soron nan ya yar da shi. Sannan na karanta shafin farko a hankali, ina jan kalmar garkuwa.

Na nuna taswira. Na karanta bayanin uba, da na zo kan kunnen hagu sai Baba ya juyo mini da na dama ya ce in maimaita. Na maimaita. Na karanta na uwa, na karanta na 'ya, na karanta maganar Burgu da hanyar gonar gero. Ta ƙofar soro ina hango mutane sun fara taruwa a gindin darbejiya, domin ashe Ɗanlami bai iya riƙe sirri ba, ya riga ya gaya wa rabin gari. Ina jin hayaniya tana tashi sama-sama. Maimakon in tsorata, sai na ƙara jin ƙarfi.

Na ce saura mafi muni, suna da ɗan cikin gida, kuma ga siffarsa, duk wanda ya gane shi ya faɗa don Allah. Na gyara murya na karanta:

"Ɗan rakiya. Ba shi da wata baiwa, amma shi bai sani ba. Kowa ɓarawo ne a idonsa. Ba ya tambaya, sai dai ya yi ta leƙe. In kana son sirrin gidan, ka ce masa ya fi kowa basira, zai ba ka har da wanda ba ka nema ba. Hularsa kullum a karkace take ta wajen hagu."

Na ɗago kai don in ga wanda jikinsa zai yi sanyi. Sai na ga duk soron ni ake kallo. Ba ma fuskata ba, saman kaina. Baffa Sule ya sa hannu ya toshe baki, kafaɗunsa suna motsi. Ni dai abin da na sani kari nake yi wa hulata, irin na 'yan birni. Ban taɓa jin an kira shi karkata ba.

Ban gama haɗa lissafin ba sai aka yi sallama ta ƙofar cikin gida. Sa'adatu ce, ta yafa mayafi, Inna tana bayanta (ta ji komai tun daga madafa, kamar yadda littafin ya faɗa). Sa'adatu ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ce, "Baba, ku yi haƙuri da shigowata. Littafin nan nawa ne. Rubutuna ne. Don Allah a ce su sakar masa riga a waje."

Baba ya miƙe da kansa, abin da ya daɗe bai yi da sauri haka ba, ya fita. Ya dawo riƙe da hannun Bukar. An tsinke masa maɓalli biyu, hularsa tana hannu, fuskarsa ta yi fari fat. Da aka gaya masa abin da ake ciki, sai ya roƙi a bar shi ya ɗauko wata jaka a mota, da ma ba a kulle take ba. Ya dawo da manyan takardu, ya shimfiɗa a tsakiyar tabarma.

Zane ne. Labari ne cikin hotuna, gida-gida, irin wanda ake sa maganar mutum a cikin ɗan da'ira a saman kansa. Bukar ya yi bayani da ƙaramar murya, yana kallon ƙasa. Ya ce a irin waɗannan littattafai na ƙasashen waje, jarumi ba ya daɗewa shi kaɗai. In labari ya yi nisa sai a yi masa iyali, a ba shi ɗa ko 'ya, ko 'yar baffa, kowa da irin baiwarsa amma tambarinsu ɗaya a ƙirji, sannan a haɗa su da wani mai rakiya wanda ba jininsu ba, yana bin su yana taimako, wani lokaci yana jawo musu aiki. Ya ce Sa'adatu ce ta yi masa kukan cewa 'yan ajinta hamma suke yi in an buɗe littafin karatu, sai suka ce bari su yi musu irin wannan da Hausa, da rumbu da rijiya da gonar gero, abin da yaran suka sani. Ita take tsara labarin a littafin nan cikin mako, ranar Lahadi ta ba shi, shi kuma ya je ya zana. Hotunan da yake ɗauka na zanen ne.

Baffa Sule ya tambaya to mene ne na garkuwa. Sa'adatu ta ɗaga hannu ta nuna bangon da ke bayana. Na waiga. Garkuwar kakanmu ce ta fata, wadda take rataye a soron nan tun kafin a haife ni, har ta yi baƙi don tsufa. Sunan jaruman ke nan, Gidan Garkuwa, kuma ita ce tambarin da ke ƙirjin kowannensu. Duk jawabin nan da na yi, a ƙarƙashinta na tsaya na yi shi.

Kashi na ɗaya kuwa, wanda na yi ta tunanin ɗan wa aka sace a cikinsa, ashe an daɗe da buga shi a injin hoto an raba wa 'yan aji. Daga baya na gano kwafi ɗaya ya yi wata guda a ɗakina, matata tana karantawa tana dariya, ni ina zaton takardar awo ce.

Aka fara miƙa takardun hannu zuwa hannu. Ga Baba an yi masa ƙirji kamar ƙofar gari, ya tare kibau da garkuwa. Baba ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce gemun ya ɗan yi gajere. Ga Inna a tsaye kan rumbu ta kara hannu a kunne. Ga Sa'adatu tana gudu, gero yana kwantawa a bayanta. Sai aka zo shafin da nake addu'ar kada a zo. Wani ɗan siriri ne mai manyan kunnuwa, ya laɓe a bayan akuya, yana haska tocila da rana tsaka, hula ta zamo har kan gira. An rubuta sunansa a ƙasa: Sa-Ido. Ba a buƙatar a ce wane ne. Ɗanlami, wanda ya shigo ba a gayyace shi ba, shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa, kamar ba da shi aka ƙulla ba. Yana dariya yana miƙa wa Bukar makullin mota.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Alhaji Modu ya bari aka lafa, sannan ya dube ni, ba tare da ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana, mahaifina a Kano aka binne shi. Ni a Kano aka haife ni. Yaron nan bai taɓa kwana a Barno ba. Ina so in tambaye ka abu ɗaya. Da a ce rubutun nan nasa ne, ba na 'yarku ba, yanzu me ake yi masa a waje?"

Na tuna hayaniyar da na ji ɗazu, da maɓallan nan biyu, da bindigar da ke jingine a benci. Na zauna a inda nake, babu ko tabarma.

Alhaji Modu ya ce wa Baba ba za su yi maganar da ta kawo su yau ba, sai zukata sun huce. Suka ɗauki goronsu ba a buɗe ba, suka tafi. Ina jin kukan Sa'adatu daga cikin gida.

Na zaci Baba zai yi mini faɗan da ban taɓa ji ba. Bai yi ba. Ya naɗe tabarmarsa, ya ce gobe da sassafe in kama hanyar Bacirawa, kada in dawo masa gida sai da yafiyar mutanen nan. Na ce ko Baffa Sule zai raka ni. Ya ce lokacin da na tashi yin jawabi wa ya raka ni.

Haka na je. Na wuce ta gaban mai shagon nan da tsohon mai gyaran keke, duk sun ji labari, suna amsa gaisuwata da wani irin ladabi mai ciwo. Na durƙusa a gaban Alhaji Modu na faɗi laifina duka, har da wanda ban furta a soro ba, na asalinsu. Ya ce ya ji, amma sai na je na faɗa wa mahaifiyar yaron da bakina, domin ita ce ba ta runtsa ba. Na je. Wannan durƙuson ya fi na farko wuya. Bukar kuwa ko minti biyu bai ɗauka ba ya ce ya yafe, har ya kawo mini ruwa, ya kuma ba ni haƙuri a kan kunnuwan, wai ya ɗan ƙara musu girma. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Sai bayan sati uku suka dawo da goron. Sa'adatu kuwa wata guda cur ba ta ce mini ko sannu ba. In na shigo ta ƙofa, ta fita ta wata. Ranar da ta yi mini magana, tana tsince gyaɗa a tsakar gida, ba ta ko ɗago ba ta ce me ya hana ni tambayar ta, alhali har ɗakina ta zo neman littafin. Na ce wallahi ban san rubutunta ba ne.

Ta ce, "Shekara shida ina koyarwa, Yaya."

Na ce to ita ma ai ba ta kyauta ba, ta mai da babban wanta ɗan rakiya, ko a layin dangi ba ta sa ni ba. Ta ce mai rakiya shi yara suka fi so a duk littafin, kuma a kashi na uku ta tsara shi ne zai bi sawu ya gano inda Burgu ya ɓoye 'yar, domin a ƙarshe zarginsa zai yi rana sau ɗaya. Na ji wani daɗi ya fara taso mini. Sai ta ƙara da cewa amma yanzu tana sake tunani, wataƙila ta bai wa akuyar wannan aikin.

An ɗaura aurensu bayan an gama girbi. Suna Bacirawa, Gidan Garkuwa ya kai kashi na bakwai, kuma an ce yara har rububinsa suke yi. Ba a cire ni daga sakatare ba, don ba wani mai son riƙe biron, sai dai duk rahoton da na kawo, Ɗanlami yakan tambaya ko wannan ma akwai zanensa. Yaran firamare in na wuce a babur sukan gaishe ni da ladabi, sai na yi nisa in ji an ce Sa-Ido ya tafi aiki.

Abin da na koya bai da yawa, amma na saye shi da tsada. Kafin ka hau mota ka tafi binciken ɗan wani, ka fara sanin rubutun ƙanwarka. In kuma ka tsinci takarda an siffanta wani wawa a ciki, kada ka yi gaggawar karanta wa jama'a. Ka fara zuwa gaban madubi ka duba hularka.